Tambaya da Amsa: Yadda Bakteriya Ke Daidaita Maiƙon Tantaninta

Tambayoyin wannan fitowar sun taru ne a kan abu guda, wato siririn tantanin da ya kewaye ƙwayar bakteriya da kuma inzayim ɗin da ke kula da shi. Inzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki takamaimai na sinadarai a jikin halitta. Shi kuwa tantanin shimfiɗa biyu ne na maiƙo, kaurinsa bai wuce nanomita 4 zuwa 5 ba. Kowane ɗigon maiƙon yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Wutsiyoyin suna fuskantar juna a tsakiya, kawunan suna kallon ruwa ciki da waje.

Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce idan sanyi ya kama bakteriya tana sauya maiƙon tantaninta don kada ya daskare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa ba ta da jijiya, yaya take sanin an yi sanyi?
Daga wata ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya. Tun 1962 Marr da Ingraham suka nuna cewa E. coli, wata bakteriyar hanji, tana sauya wutsiyoyin maiƙonta gwargwadon zafin da aka raine ta a ciki, kuma a 1974 Michael Sinensky ya nuna cewa sauyin yana riƙe laushin tantanin kusan a mataki ɗaya. Dole ta yi haka. Idan tantanin ya sandare, furotin ɗin da ke shigo da abinci da masu samar da makamashi ba sa iya motsi. Idan kuma ya yi ruwa-ruwa fiye da kima, sai ya riƙa yoyo.

Sirrin yana cikin siffar wutsiya. Ki dubi ɗaurin itace: miƙaƙƙun sanduna suna haɗuwa tsam, masu gwiwa kuwa ba sa yarda su matsu. Palmitik asid, wani nau'in wutsiya mai kabon 16, miƙaƙƙe ne, sai zafi ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyos yake narkewa. Palmitoleyik asid shi ma kabon 16 gare shi, amma yana da tagwayen ɗauri guda ɗaya, wato ɗauri biyu tsakanin kabon biyu, da ke lanƙwasa shi, kuma yana narkewa a wajen digiri 0. Gwiwa ɗaya ce ta kawo tazarar digiri 60 da ɗoriya.

E. coli tana ƙera wutsiyar ne kabon biyu-biyu, a kan wani ƙaramin furotin mai ɗauko kaya da ake kira ACP. Idan tsawon ya kai kabon 10, hanya takan rabu biyu. Inzayim FabA, wanda ɗakin binciken Konrad Bloch ya gano aikinsa, yana cire ruwa daga wutsiyar, sannan yana iya gusar da tagwayen ɗaurin ya mai da shi mai gwiwa. Idan inzayim FabI ya riga karɓar wutsiyar, sai ya shafe ɗaurin, a ƙarshe a samu miƙaƙƙen palmitik. Idan FabB ya karɓi mai gwiwar, sai ya ci gaba da tsawaita ta da gwiwarta har ta zama palmitoleyik. Duk wannan ba ya buƙatar iskar oksijin, shi ya sa E. coli ke iya yin sa a cikin hanji.

To ga amsar tambayarki. Ma'aunin sanyin yana jikin inzayim ɗin ne da kansu. Akwai FabF, mai ƙara kabon biyu a kan palmitoleyik ya mai da shi bakasenik asid mai kabon 18, shi ma mai gwiwa. Sanyi yana rage saurin kowane inzayim, amma ba daidai wa daida ba, kuma a cikin sanyi wannan aiki na FabF yana rinjaye. Ɗakin binciken John Cronan ya nuna a 1980 cewa ƙarin bakasenik yana bayyana cikin daƙiƙa 30 da saukar zafi, tun kafin a ƙera wani sabon furotin. Bakasenik ɗin yana shiga gurbin farko na maiƙon, inda palmitik ya saba zama, sai a samu maiƙo mai gwiwa a wutsiya biyun. Ƙwayar da aka lalata mata FabF kusan ba ta da bakasenik, kuma wannan saurin gyaran ya kuɓuce mata. Binciken baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa gasar FabI da FabB a mararrabar ita ma tana bin zafi: sanyi ya fi karya lagon FabI, sai kaya su fi bin hanyar gwiwa.

Akwai mataki na biyu mai tafiyar hawainiya. Furotin FabR, idan wutsiyoyi masu gwiwa suka yi yawa suka manne masa, yana hawa kan ƙwayoyin gadon fabA da fabB ya rage karanta su. FadR kuma yana ƙarfafa karanta su, sai dai idan maiƙo ya shigo daga waje, nan yakan sauka. Ƙwayar da ba ta da FabA ko FabB ba ta rayuwa sai an ba ta maiƙo mai gwiwa a abinci. Idan aka janye shi takan ɗan ci gaba da girma, amma da zarar masu gwiwa sun sauka ƙasa da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, sai ta fara yoyo ta fashe.

Bacillus subtilis kuma nata salon daban ne, kuma a ganinmu shi ya fi ban sha'awa. Tana da furotin DesK da ya ratsa tantanin sau biyar. Idan aka saukar da ita daga digiri 37 zuwa 20, wutsiyoyi suna miƙewa, tantanin ya ƙara kauri. Wannan ƙarin kaurin yana sauya siffar DesK, sai ya ɗora fosfet a kan abokinsa DesR, shi kuma ya kunna ƙwayar gadon des. Inzayim Des yana bin maiƙon da ya riga ya zauna a tantani yana saka masa gwiwa a kabon na 5, amma shi sai da oksijin. Da tantanin ya yi laushi, DesK yakan juya ya cire fosfet ɗin, aiki ya tsaya. Ɗakin binciken Diego de Mendoza a Rosario ta ƙasar Ajantina, inda aka warware wannan tsari, ya gwada taurara tantanin a digiri 37 ta hanyar hana ƙwayar amino asid aisolusin, sai ga des ta kunnu ba tare da wani sanyi ba. Ashe ba sanyi DesK ke ji ba, halin tantanin yake ji.

Ina aikin duba lafiyar abinci. Me ya sa Listeria ke ci gaba da hayayyafa a cikin firji, alhali yawancin ƙwayoyin cuta suna tsayawa?
Daga wani jami'in tsaftar abinci

Malam, dalilan suna da dama, amma tantanin na kan gaba. Listeria monocytogenes ba ta dogara da gwiwar tagwayen ɗauri ba. Mafi yawan wutsiyoyinta masu ɗan reshe ne kusa da ƙarshe, irin da ake kira antayiso, masu kabon 15 da 17. Reshen yana hana matsewa kamar yadda gwiwa ke yi. Tushensa aisolusin ne: tarin inzayim BKD yana sarrafa shi zuwa wani guntu mai kabon 5, sannan FabH ya fara gina wutsiya a kansa. A cikin sanyi FabH na Listeria ya fi zaɓar wannan guntun, kuma ƙwayar tana gajarta wutsiyoyin, sai mai kabon 15 ya mamaye. Waɗanda aka lalata musu BKD suna kasa girma a sanyi, amma idan aka zuba musu guntun a abinci sai su farfaɗo.

A aikace, digiri 4 yana rage saurinta ne kawai. Firiza a digiri 18 ƙasa da sifili tana tsayar da girmanta amma ba ta kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne dafuwar da za ta kai tsakiyar abincin wajen digiri 75. Saboda haka adadin kwanakin ajiya ya zama abin lura daidai da ma'aunin sanyin, musamman a abincin masu juna biyu da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki.

A littafinmu an rubuta cewa tantanin E. coli kashi 75 PE ne, kashi 20 PG, kashi 5 kadiyolipin. Haddace shi muka yi don jarrabawa. Shin akwai dalilin wannan kaso, ko haka kawai ya zo?
Daga wani ɗalibin sinadaran halitta

Ɗan'uwa, akwai dalili, kuma wanda ya gane shi ba ya buƙatar hadda. PE da PG da kadiyolipin nau'o'in maiƙon tantani ne, kuma wannan karon maganar kan maiƙon ake yi, ba wutsiya ba. Kan PE yana da cajin fozitif da na nagatif da suka soke juna. PG da kadiyolipin kuwa nagatif ne zalla. Abin da ƙwayar ke tsarewa shi ne yawan cajin da ke fuskar tantanin.

Duk ukun daga tushe ɗaya suke. Inzayim PlsB da PlsC suna ɗaura wutsiya biyu a kan gilisarol mai fosfet. CdsA ya mai da abin da aka samu CDP-DAG. Daga nan inzayim biyu ke ja-in-ja a kansa. PssA yana haɗa shi da amino asid serin, Psd ya cire masa kabon guda, a samu PE. PgsA kuma yana haɗa shi da wani gilisarol mai fosfet, inzayim Pgp su cire fosfet ɗin, a samu PG. ClsA yana haɗa PG biyu ya ba da kadiyolipin, wanda ke ƙaruwa idan ƙwayar ta daina girma.

Mai riƙe da sikelin shi ne PssA. Ba a dashe yake cikin tantanin ba, yawo yake yi a ruwan ƙwayar, kuma cajin nagatif ne ke jawo shi ya manne ya yi aiki. Idan PG da kadiyolipin suka yi yawa, PssA da yawa suna mannewa, PE ya ƙaru, cajin ya ragu, sai su saki. Hujjar a bayyane take: idan aka ninka yawan PssA na E. coli, kason PE kusan ba ya motsi. Amma da aka saka mata irin na Bacillus, wanda dashe yake daram a tantani, sai PE ya riƙa hawa gwargwadon yawan inzayim ɗin.

Me ke faruwa idan kason ya lalace? Ɗakin binciken William Dowhan a Houston ta Amurka ya samar da E. coli marar PE ko kaɗan. Ba ta rayuwa sai an zuba mata magniziyam ko kalsiyam mai yawa, kuma ba ta iya rabuwa yadda ya kamata, sai ta miƙe kamar zare. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne LacY, furotin mai shigo da sukarin laktos, wanda ya ratsa tantanin sau 12: rabinsa na farko yana zama a kife, kuma ya kasa tara sukari a ciki. Da aka dawo da PE, sai ya juyo daidai. Rashin PG kuma yakan kashe ƙwayar, galibi saboda daga PG ake ciro maiƙon da ake liƙa wa Lpp, furotin mafi yawa a bangon. In babu shi, Lpp yana maƙalewa a tantanin ciki ya zama guba.

Ƙarin abin da littafin bai cika ambata ba: E. coli tana da tantani na biyu a waje, wanda fuskarsa ta waje LPS ce, wani maiƙo mai ɗauke da sarƙar sukari. Ginin LPS da ginin fosfolipid, wato maiƙo irin su PE da PG, suna cin abu ɗaya, wata wutsiya mai kabon 14 da ke kan ACP. FabZ yana jan ta zuwa fosfolipid, LpxA da LpxC suna jan ta zuwa LPS. Don kada ɗaya ya cinye rabon ɗaya, inzayim FtsH yana daddatsa LpxC idan LPS ta taru. Idan kuma fosfolipid ya ɓata hanya ya fito fuskar waje, PldA ya farfasa shi, PagP ya cire masa palmitik ya liƙa wa LPS, tsarin Mla kuma ya kwashe shi ya mayar ciki. Ƙwayar da ta rasa Mla sabulu da ruwan matsarmama suna ratsa ta cikin sauƙi.

Muna ganin sakamakon gwaji da ke nuna ƙwayoyin da kolistin ba ya ci. An ce mini abin yana da alaƙa da maiƙo. Ta wace hanya?
Daga wata mai haɗa magunguna a asibiti

Hajiya, alaƙar ta caji ce. Kolistin fozitif ne, kuma yana kama fosfet masu cajin nagatif da ke gindin LPS, ɓangaren da ake kira lipid A. Yana ture magniziyam da kalsiyam da ke ɗinke LPS da juna, ya buɗe hanya, ya kai ga tantanin ciki. Ƙwayar da ta rufe waɗannan fosfet ta tsira. EptA yana yanke kan PE ya ɗora a kan fosfet ɗin, ArnT kuma yana ɗora wani sukari mai cajin fozitif. A al'ada tsarin PhoPQ da PmrAB ne ke kunna su idan an shiga matsi, kamar ƙarancin magniziyam. A Klebsiella pneumoniae, lalacewar ƙaramar ƙwayar gado mgrB, wadda ke taka wa PhoQ burki, tana barin su a kunne dare da rana.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A watan Nuwamban 2015 aka ba da rahoton mcr-1 daga ƙasar Sin. Aikinsa irin na EptA ne, amma yana kan filasmid, wato ɗan zoben gado da ƙwayoyi ke miƙa wa juna, har tsakanin jinsi daban-daban. Wannan ne ya tayar da hankalin duniya, domin kolistin na cikin magungunan da ake ajiyewa sai an rasa mafita.

A Staphylococcus aureus inzayim MprF ne ke irin wannan aiki. Yana ɗora amino asid laisin a kan PG, sai kan da yake nagatif ya koma fozitif, sannan ya juya maiƙon zuwa fuskar waje. Sauye-sauyen da ke jikin mprF suna cikin waɗanda aka fi samu a ƙwayoyin da maganin daptomaisin ya rage ci. Ki lura da abu ɗaya wajen karanta sakamako: kolistin ba ya bazuwa sosai a cikin aga, wato daskararren abincin raino, don haka gwajin faifan takarda ba abin dogaro ba ne gare shi. Gwajin tsarma magani kashi-kashi a ruwan raino shi ne karɓaɓɓe.

Tunda waɗannan inzayim suna da muhimmanci haka, me ya hana a yi maganin da zai toshe su?
Daga wani mai karatu

Malam, an yi, kuma ɗaya daga ciki tsoho ne. Aisoniyazid, da ake maganin tarin fuka da shi tun 1952, yana toshe InhA, ɗan'uwan FabI a ƙwayar tarin fuka, bayan inzayim KatG na ƙwayar ya kunna shi. Tiraikulosan da aka daɗe ana sakawa a sabulu shi ma FabI yake kamawa. A 2006 aka bayyana filatensimaisin, mai toshe FabF, daga wata bakteriyar ƙasa.

Cikas biyu ne. Na farko, ba kowace ƙwaya ce ta dogara da FabI ba: Pseudomonas aeruginosa tana da FabV, Streptococcus pneumoniae tana da FabK, kuma tiraikulosan bai dame su ba. Na biyu, jinin ɗan Adam cike yake da maiƙo, kuma wasu ƙwayoyi, musamman dangin Streptococcus, suna iya rufe masana'antarsu su ɗebi na jini. Saboda haka irin wannan magani ya fi dacewa da ƙwaya takamaimiya, kuma dole a gwada shi a abincin raino mai ruwan jini kafin a yi murna.

Ina ciro maiƙon E. coli don auna wutsiyoyinsa da na'urar GC mai rarrabe sinadarai, amma kowane gwaji da nasa sakamako. Wani lokaci palmitoleyik ya yi yawa, wani lokaci ya kusan ɓacewa. Ina matsalar take?
Daga wata mai binciken digiri na biyu

Malama, kafin ki zargi na'ura, ki duba lokacin da kike girbe ƙwayoyin. Idan E. coli ta fara daina girma, furotin RpoS yana kunna inzayim Cfa. Shi kuma yana ɗauko kabon guda daga wani sinadari da ake kira SAM ya ɗora a kan tagwayen ɗaurin maiƙon da ke tantani, ya mai da shi ƙaramin zobe mai kusurwa uku. Palmitoleyik ya koma zobe mai kabon 17, bakasenik ya koma mai kabon 19. Zoben yana rage yoyon asid, kuma ƙwayar da ba ta da Cfa ta fi saurin mutuwa idan aka jefa ta a ruwa mai tsamin pH 3. Rainon da ya kwana zai nuna miki palmitoleyik kaɗan. Ki riƙa girbi a duhun raino ɗaya kullum, misali 0.5 a tsawon haske na nanomita 600, kuma wajen lissafin masu gwiwa ki haɗa kowane zobe da uwarsa.

Na biyu, abincin raino. Idan akwai oleyik asid a ciki, daga ruwan jini ko wani ƙari, FadL da FadD za su shigo da shi ya zauna a tantani. Ki riƙe abinci iri ɗaya da zafi iri ɗaya. Kada ki bar rainon ya huce a kan teburi, domin kin ga FabF daƙiƙa 30 kawai yake buƙata. Ki tace ko ki juya da sauri, ki zuba sinadarin cirowa nan take. Daskarewa da narkewa sau da yawa yana tayar da PldA, sai ki ga maiƙo mai wutsiya ɗaya da babu shi tun farko.

Wajen cirowa, hanyar Bligh da Dyer ta 1959 ta isa. A kan mililita 0.8 na ƙwayoyi cikin ruwa, ki zuba mililita 1 na kulorofom da 2 na metanol. Ya kamata ya zama ruwa ɗaya. Idan ya rabu biyu tun yanzu, ruwanki ya yi yawa, cirowar ba za ta cika ba. Ki girgiza, ki bar shi ya ɗan jima, sannan ki ƙara mililita 1 na kulorofom da 1 na ruwa. Ki juya a hankali, ki zuƙo na ƙasa ba tare da taɓa farin dattin tsakiya ba. Ki busar da iskar naitirojin, domin oksijin yana cin tagwayen ɗauri. Kwalba kawai za ki yi amfani da ita, saboda kulorofom yana narko sinadaran roba su fito a sakamako. Kuma duk aikin a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, domin kulorofom yana illa ga hanta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi cin mutane. Idan kika yi amfani da asid mai zafi ko sinadarin BF3 wajen shirya wutsiyoyin don na'ura, zoben mai kusurwa uku yana fashewa, sai ki rasa shi ki kuma ga baƙin kololuwa a jadawali. Ki koma ga sodiyam metoksaid cikin busasshen metanol, mola 0.5, minti 10 a digiri 50. Shi ba ya taɓa zoben, sai dai ba ya kama wutsiyar da ke sake ba a ɗaure ba, kuma ɗigon ruwa yana ɓata shi. Tun kafin cirowa ki zuba sanannen adadi na wata wutsiyar da ƙwayarki ba ta ƙerawa, don ki san nawa kika yi asara a hanya. Idan nan gaba kika koma kan Staphylococcus, ki fara narkar da bangon da inzayim laisostafin, in ba haka ba kadiyolipin zai maƙale a ciki, kuma ki riƙe ruwan da ɗan tsami, domin PG mai laisin yana warwarewa a ruwan alkali.